Abin da Zomo Ya Koya wa Likitoci Game da Kitse

A shekarar 1913, a birnin Sen Fitasbag na ƙasar Rasha, wani saurayin likitan soja mai suna Nikolai Anichkov ya ɗauki sinadarin nan na kitse da a ke kira kolestarol, wanda ya ke da yawa a kwanduwar ƙwai, ya narkar da shi cikin man girki, ya riƙa ɗura wa zomaye kullum. Waɗansu zomayen kuwa man kaɗai ya ba su. Bayan 'yan makonni kolestarol ya hauhawa cikin jinin na farkon, kuma da aka feɗe su, sai ga dabbare-dabbaren kitse rawaya sun manne a cikin babbar jijiyar da ta fito daga zuciya, shigen waɗanda a ke gani ga mutanen da ciwon zuciya ya kashe. Jijiyoyin masu shan mai kaɗai ba abin da ya same su.

Likitocin zamanin ba su ɗauki zancen da muhimmanci ba. Suka ce ai zomo maci ganye ne, ina ruwansa da ƙwai? Suna da 'yar hujja kuwa, gama an gwada karnuka da ɓeraye ba a ga haka ba. Aikin ya yi shekaru masu yawa a kwance.

Daga baya aka gane ba yawan kitsen kaɗai ke yin ɓarnar ba. Kowa ya san yadda ƙarfe ke tsatsa, da yadda man shanu ke sāke wari in ya daɗe a buɗe. Aikin iskar oksijin ne. Haka kitsen da ya kutsa cikin bangon jijiya ya kan yi tasa tsatsar. Sa'an nan fararen ƙwayoyin jini, watau dakarun jiki, su ɗauke shi baƙo ne, su yi ta haɗiyarsa har su kumbura su mace a wurin. Gawarwakinsu su ke taruwa, hanyar jini ta yi ta tsukewa.

A 1987 masana a Kiyoto ta Japan da San Diyego ta Amurka suka ba waɗansu zomaye, waɗanda suka gāji yawan kolestarol tun haihuwa, wani magani mai hana wannan tsatsa, ana ce da shi probucol. Ɓarnar jijiyoyin ta ragu ƙwarai, aka yi murna.

To, amma mutum ba zomo ba ne. A 2000 aka bayyana sakamakon wani gwaji da aka yi da mutum fiye da 9,000, inda aka ba rabinsu bitamin E, shi ma mai hana tsatsa. Bai rage musu ciwon zuciya ba. Wanda ya yi amfani shi ne maganin rage kolestarol ɗin kansa: a wani gwaji na ƙasashen arewacin Turai a 1994, da masu ciwon zuciya 4,444, mace-mace sun ragu da wajen kashi 30 cikin ɗari.