Sawun takalmi: Kama da wane ba ta wane

Daminar bara ɓarayi suka fasa shagon maƙwabcina a zangonmu na Kumasi. Muna dawowa daga sallar asuba muka tarar da sawun kambas kwance raɗau a taɓon bakin ƙofa. Kafin hantsi an tsare wani yaro mai tura baro, wai zanen ƙasan takalminsa iri ɗaya ne da na sawun. Da ƙyar wani dattijo ya ƙwace shi, ya ce kowa ya ɗaga ƙafarsa a gani. Wallahi cikin masu ihun ɓarawon ma sai ga masu irin wannan kambas ɗin. Shi kuwa sawun, tuni 'yan kallo suka tattake shi.

Tun ranar nake bibiyar yadda ƙwararru ke karanta sawu, na kuma gane aikin hawa biyu ne. Na farko shi ne abin da takalmi ya fito da shi daga masana'anta: zanen ƙasansa, lambarsa da kamfanin da ya yi shi. Wannan dubban mutane na iya tarayya a kai. Na biyu shi ne abin da tafiya ta bar masa: gefen da dunduniya ta cinye, yankan kwalba, hujin ƙusa, tsakuwar da ta maƙale. A nan takalminka ke rabuwa da na ɗan'uwanka, amma sai an samu takalmin a hannu kafin a gwada.

Shari'ar tsohon ɗan wasan ƙwallon Amurka O.J. Simpson misali ce. A daren 12 ga Yuni, 1994, aka kashe tsohuwar matarsa Nicole Brown Simpson da Ron Goldman a Los Angeles, makashin ya bar sawu cikin jini. William Bodziak na hukumar FBI ya bi zanen har Italiya, ya shaida wa kotu cewa takalmin Bruno Magli ne, lamba 12 a ma'aunin Amurka, daidai ƙafar Simpson. Sai dai ba a taɓa gano takalmin ba, don haka bai ce na Simpson ne ba. A ranar 3 ga Oktoba, 1995, aka wanke shi. Da iyalan mamatan suka nemi diyya, ya musanta mallakar irin takalmin, sai ga hotunansa na 1993 a filin wasa a Buffalo yana sanye da shi. Wannan na cikin hujjojin da aka gabatar kafin a umarce shi ya biya dala miliyan 33.5 a Fabrairun 1997.

Kai, ko hawa na biyun ma da sauran magana. A 2016, kwamitin masu ba shugaban Amurka shawara kan kimiyya ya ce babu isassun gwaje-gwajen da suka tabbatar za a iya danganta sawu ga takalmi ɗaya tak. Idan masu ɗakin bincike na taka-tsantsan haka, ina ga mu da ke auna sawu da ido a bakin kwata?

To, me ya rage mana? In an yi sata, a hana mutane zirga-zirga a wurin. A kifa roba ko bokiti a kan sawun kada ruwa ya wanke shi. A ɗauki hoto da waya daga sama, saitinsa, da rula a gefe, a haska tocila daga gefe don zanen ya fito. Sauran a bar wa 'yan sanda; masu bincike kan zuba filasta su ɗauke siffar sawun yadda take.

Yaron nan har yau yana tura baronsa, amma ya daina bi ta layinmu. Ɓarawon kuwa ba a kama shi ba.