Kallon Jirage a Bakin Dam ɗin Arewacin Kano

Mazauna gaɓar teku, irin na Apapa a Legas, sukan huta da kallon manyan jiragen ruwa suna shiga tasha suna fita. Karkarar arewacin Kano ba ta da teku, amma tana da nata irin wannan kallo, kuma bai daɗe ba. Ya samo asali ne daga shirin gina madatsun ruwa da aka soma a zamanin Gwamna Audu Baƙo, wanda ya mulki jihar daga 1967 zuwa 1975. Shirin ne ya haifar da dam ɗin Watari a Ɓagwai, da na Tomas a wajen Ɗambatta, da na Jakara da ke Wasai a Minjibir. Garuruwan da a da ba su san komai ba sai rafi mai ƙafewa da rani suka wayi gari da ruwa a bayan gida.

Yankin ƙasa ce mai cunkoson gonaki. Gona na jingine da gona, da damina kuwa gero da dawa kan tare ido ta kowace fuska. A bakin dam ne kaɗai mutum zai miƙa ganinsa nesa ba abin da ya tare shi, kuma wannan na cikin abin da ke jan dattawa su shimfiɗa tabarma a gindin bishiya bayan la'asar.

Jiragen ƙanana ne, na katako. Da sassafe masunta kan fita ɗaga komar da suka dasa tun jiya, su dawo da karfasa da tarwaɗa. Mai jefa birgi shi ya fi daɗin kallo: yana tsaye a goshin kwale-kwale, ya murɗa jiki ya watsa, ragar ta buɗe ta faɗa ruwa gaba ɗaya. Sai jirgin fito, mai ɗauke da mutane da buhuna da awaki, har da babur a ranar kasuwa. Wanda ya saba zama a gaɓa yakan gane matuƙi tun daga nesa ta yadda yake tuƙi, ya kuma san jirgin da aka yi wa lodi fiye da ƙima, domin bakinsa kan kusa shafar ruwa.

Wannan sani ba na nishaɗi kaɗai ba ne. A ƙarshen Nuwamba 2021 wani jirgi da ya taso daga ƙauyen Badau zuwa Ɓagwai ya kife a Watari, mutum fiye da 20 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi. An ɗora laifin a kan yawan lodi. Idan irin haka ta faru, na bakin gaɓa su ke fara gani, su ke yin kururuwar da ke fito da masunta ceto.

Kallon kan sauya da lokaci. Da hunturu hazo kan ɓoye jirgi har sai ya matso, da bazara kuma ruwa kan ja baya, masu noman rani su bi shi da tumatir da albasa, mashigar jirage ta koma can nesa da gidaje.