Bashin Banki: Ɓuya Ba Ta Rage Ko Kwabo

Duk wanda ya san ƙauyukan yammacin Kano, daga Sabon Birni ta ƙasar Gwarzo zuwa garuruwan Kabo, ya san cewa bashin da ya fi hana manomi barci a 'yan shekarun nan shi ne na banki. A da, bashi tsakanin mutum ne da maƙwabcinsa ko ɗan kasuwar da ya ba shi taki zuwa kaka, kuma idan abu ya cije, mai unguwa ko dagaci ya zaunar da su a sasanta. Yanzu mai bin bashin baƙo ne, yana zuwa da takarda, ko ya bugo waya daga birni. Abin da akasarin mutane ke yi shi ne su sauya layin waya, su daina shiga banki, su ce wa iyali a ce ba sa nan. Ra'ayina shi ne wannan ɓuya ita ce mafi tsadar hanya, domin wanda ake bi yana da haƙƙi da damar ciniki fiye da yadda yake zato, kuma duk yana zubar da su ranar da ya fara gudu.

Babban tushen wannan bashi shi ne shirin Anchor Borrowers, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi cikin Nuwamba 2015 a ƙarƙashin Babban Bankin Najeriya. An riƙa ba manoman shinkafa da masara da wasu amfanin gona iri da taki da maganin feshi ta hannun ƙungiyoyinsu, irin su RIFAN, a kan su biya da amfani ko kuɗi bayan girbi. Kuɗin ruwan kashi 9 ne cikin ɗari, aka sauke shi zuwa kashi 5 a 2020 saboda annobar korona. Abin da aka raba ya haura naira tiriliyan ɗaya, kuma kaso mai yawa bai dawo ba. A 2020 ɗin ne kuma bankin NIRSAL ya raba rancen korona ga magidanta da masu ƙananan sana'o'i, wanda da yawa suka ɗauka kyauta ce. Da Olayemi Cardoso ya karɓi ragamar Babban Bankin a 2023, ya tsayar da sababbin rance irin waɗannan, hankali ya koma kan karɓo na baya.

Abin da mai ɓuya bai lura ba shi ne, bankin yau ba sai ya gan shi ba. Tun Agusta 2020 aka fara aiki da wani tsari mai suna GSI, wanda ya ba banki ikon bin lambar BVN ta wanda ya sa hannu a kan yarjejeniyar, ya kwashi kuɗi daga asusunsa na kowane banki. Mutum ya sayar da buhunan masara a kasuwa, mai saye ya tura masa kuɗi, kafin ya isa gida an zare. Sunansa kuma yana wajen kamfanonin da ke ajiye tarihin masu cin bashi, waɗanda dokar 2017 ta tsara aikinsu, don haka duk bankin da ya nufa gobe zai ga tabon. Ana cikin haka kuɗin ruwa na ta hawa.

Sai dai doka ba ta sakar wa mai bin bashi linzami ba, kuma wannan ne mutanenmu suka fi jahilta. Kasa biyan bashi saɓa alkawari ne, wurin warware shi kotu, ba caji ofis ba. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai, ta kuma hana kama wani a madadin wani, wato ba a tsare ɗa ko ƙane don uba ko wa ya fito. Kotun Ƙoli ta bayyana a 2018 cewa karɓo bashi ba aikin EFCC ba ne. Ƙa'idojin kare masu hulɗa da bankuna da Babban Banki ya fitar a 2019 sun haramta tsoratarwa da cin mutunci wajen neman biya. Shi kansa GSI uwar kuɗi da ruwan da ya hau kawai aka yarda ya ɗauka, ban da tarar jinkiri. Amma a kula: wanda ya karɓi rance da gonar ƙarya ko sunan wani, wannan zamba ce, kuma hukuma na da hurumin kama shi.

Don haka wanda ya je banki da ƙafarsa ba roƙo ya je yi ba. Abu na farko da zai nema shi ne takardar bayanin asusunsa, a ware masa uwar kuɗi daban, ruwa daban, tara daban. Ga manomin da ya karɓi kaya ta hannun ƙungiya wannan ya fi komai muhimmanci, domin abin da aka rubuta da sunansa zai iya fin abin da ya shiga hannunsa, kuma buhunan da ya mayar wa shugabannin ƙungiya ƙila ba a shigar da su ba. Bayan lissafi ya daidaita sai a shiga ciniki: a nemi yafe tara, a nemi rangwamen ruwa, a karkasa biya ya dace da kaka maimakon wata-wata irin na mai albashi. Banki yakan saurara, saboda shari'a na cin kuɗi da shekaru, kuma sayar da gonar ƙauye da ba ta da takardar mallaka ba abu ne mai sauƙi ba. Idan bankin ya yi biris da ƙorafi a rubuce har mako biyu, ana iya kai shi sashen kare masu hulɗa na Babban Banki.

Za a ce kuɗin gwamnati ne, manya sun ci biliyoyi ba a taɓa su ba. Gaskiya ne akwai manyan da suka ƙi biya, har ta kai an kafa hukumar AMCON a 2010 don sayen rubabbun basussukan bankuna. Amma babban mutum yana da lauyoyin da za su ja shari'a shekara goma, manomin Sabon Birni kuwa asusu ɗaya gare shi, kuma shi za a fara taɓawa. Za a ce kuma taki ya zo a makare, ko ambaliya irin ta 2020 da 2022 ta cinye gona. Wannan hujja ce mai ƙarfi, musamman da yake an haɗa rancen da inshorar noma, sai dai hujja ba ta aiki a ɗaka. Sai an kai ta a rubuce, da shaidar malamin gona da ta dagaci. Masu cewa ai riba haramun ce su ma suna da abin faɗa, amma haramcin ƙari bai sauke uwar kuɗi daga wuyan kowa ba. Suratul Baƙara da ta yi hani ga riba ita ce ta yi umarni da a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, ita ce kuma ta ce a rubuta bashi a kafa shaidu.

Rubutun nan shi ne inda sasantawa da yawa ke lalacewa. Alkawarin baki daga ma'aikacin banki ba ya ɗaure banki, domin gobe ana iya yi masa canjin wurin aiki. Duk rangwamen da aka amince a sa shi a takardar banki mai hatimi da sa hannu kafin a biya sisi. Kada a damƙa tsabar kuɗi ga ejan a ƙofar gida. A zuba a asusun bashin, a adana rasit. Ranar da aka kammala, a karɓi takardar shaidar cewa babu sauran bashi, a dawo da duk abin da aka jinginar, sannan a nemi bankin ya sanar da kamfanonin tarihin bashi domin a gyara sunan mutum.