Amalanken mota: gyaransa da jansa

Da yawa daga mazauna unguwar Bobiel, a arewacin birnin Yamai, ba su rabu da ƙauye ba. Wani yana da gona a hanyar Walam. Wani yana da tumaki a hannun makiyayi wajen Baleyara. In kaka ta yi, ko layya ta matso, sai su zo da mota, sun ɗaura mata ɗan amalanke mai taya biyu, wanda direbobi ke ce wa rimok. Manomi da makiyayi su ne ke loda shi. Hatsinsu ne da dabbobinsu ke ciki, wani lokaci har ɗansu na cikin motar. Don haka maganar ta shafe su.

Motocin ba duka iri ɗaya ba ne. Tsohuwar Peugeot 504 doguwar ƙafa gare ta, ta saba da hanyar ƙauye. Amma yanzu samari sun fi son motoci masu gudu, irin su BMW da Mercedes, waɗanda aka yi amfani da su a Turai kafin a kawo su. Injinsu ƙarfi gare shi. Direba na jan buhu bakwai bai ji komai ba, sai ya ɗauka babu laifi. To, laifin yana wajen tsayawa. Ƙaramin rimok ba shi da birki nasa. In direba ya taka birki, kayan da ke baya su ne ke tura motar gaba. Kuma in gudu ya ninka sau biyu, tazarar da mota ke ci kafin ta tsaya ninkawa take sau huɗu. Jaki ya tsallaka hanya, ko yaro, ƙarfin inji ba zai yi maganin komai ba.

Shi ya sa a Faransa doka ta ce rimok marar birki kada ya wuce kilo 750, shi da kayansa duka, kuma kada ya wuce rabin nauyin motar da ke jansa. Lissafin ba wuya. In rimok kansa ya yi kilo 200, kuma motar ta kai kilo 1500, saura kilo 550. Buhun hatsi mai kilo 100 biyar ke nan da rabi. Buhun siminti mai kilo 50, goma sha ɗaya. Duro mai lita 200, in an cika shi da ruwa, ya fi kilo 200: biyu sun isa. Kowace mota akwai nata awo a littafinta. Akwai ma motocin gudu da masu ƙera su suka hana a ja komai da su.

Su waɗannan motoci gajeru ne, cikinsu kusa da ƙasa. In an danne bayansu da nauyi, sai su riƙa gugar tudu da dutse, ko su kafe cikin rairayi. Ƙarfen ja kuwa, mai dunƙulen kai, yana da wurin da ake ɗaure shi da noti a ƙarƙashin mota. Walda a jikin bamba aikin banza ne: rami ɗaya ya isa ya ɓalle shi.

Sabon rimok tsada gare shi, shi ya sa ake gyara tsoho. Katako da ƙarfe ana samunsu a kasuwar Katako, masu walda kuma ba su da wuyar samu a Yamai. Amma mai hankali ba ya fara da fenti. Sai ya cire tsofaffin alluna tukuna, ya bar ƙarfen tsirara. Ya ƙwanƙwasa shi da guduma, musamman dogon wuyan da ke haɗa rimok da mota. Inda tsatsa ta ci, sautin ya mutu, wani wuri ma guduma ta huda shi. Wannan yankewa ake a sa sabo. Liƙi a kan ruɓaɓɓen ƙarfe ba ya daɗewa.

Daga nan sai ƙafafu, nan ne aikin gaske yake. A ɗaga rimok da jak, a kama taya hannu biyu a girgiza. In tana kaɗawa, ko tana gurnani in an juya ta, to rulma ta lalace, wadda a Najeriya ake ce wa boris. In da sauranta, a wanke ta da kananzir, a bari ta bushe, a cika ta da sabon giris. Rulmar da ta bushe zafi take yi har ta kama, taya ta fice ana cikin gudu. Tayar ma a duba shekarunta. A gefenta akwai lambobi huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tsohuwar taya mai tsattsagewa, ko da zanenta bai cinye ba, kwaltar watan Afirilu na iya fasa ta.

Saura fitilun baya, da sarƙa mai kauri wadda za ta riƙe rimok in mahaɗi ya kuɓuce. Fenti shi ne na ƙarshe.

Wajen lodi, kaya masu nauyi a ƙasa suke zama, bisa tayoyi, a ɗan turo su gaba kaɗan. In nauyi ya koma baya, rimok zai riƙa wutsiya hagu da dama har ya juya motar. In ya fara haka, direba ya ɗaga ƙafa daga totur a hankali, ya riƙe sitiyari sosai, kada ya danna birki da ƙarfi. Raguna sun fi buhu wuyar ɗauka, don buhu ba ya motsi. A zuba musu rairayi ko kara a ƙasa kada su zame, a ɗaure kowane gajeren ɗauri, kada su taru gefe ɗaya a kwana. Mutum kuwa ba ya hawa rimok, ko mai dabbobin ne. In an sauke su, a wanke wurin, don fitsarin dabba na cin ƙarfe.

Daga kasuwar Lahadi ta Baleyara zuwa Yamai kusan kilomita 100 ne. Bayan kilomita goma na farko, direba ya tsaya gefen hanya. Ya ja igiyoyi ya ji ko sun saki, ya duba mahaɗi, sannan ya taɓa tsakiyar kowace taya da bayan hannu. Ɗumi ba laifi. In ta yi zafin da hannu ba ya iya jurewa, kada ya ci gaba sai makanike ya gani.