Rediyo mai memori a Kafanchan: Abin da ta zo da shi da abin da ta bari a baya

Duk wanda ya bi ta layin masu sayar da kayan waya a kasuwar Kafanchan a 'yan kwanakin nan, kunnensa zai riga idonsa cin karo da sabuwar hajar da ta shigo. 'Yar akwati ce da ba ta wuce tafin hannun babban mutum ba, amma muryarta takan ƙetare rumfa biyar. A gefenta akwai kafar katin memori da ta fulash, a samanta eriya, a goshinta tocila, a bayanta kuma ɗan allon sola. Wasu na kiranta MP3, wasu rediyo mai memori. Ire-irenta sun jima a kasuwa, sai dai wannan samfurin ya haɗa abubuwan da a da sai an sayi na'ura biyu ko uku kafin a same su, kuma kuɗinsa bai kai rabin na wayar Android mafi araha ba.

A ƙasashen da aka ƙirƙiro irin waɗannan na'urori tuni aka yi ban kwana da su. Kamfanin Apple ya daina ƙera iPod a watan Mayun 2022, domin wayar hannu ta haɗiye aikinta. Amma a Kafanchan da Kagoro da Zonkwa da Kwoi, na'urar sauraron waƙa mai zaman kanta ba ta rasa masu saye ba, kuma akwai dalilin hakan.

Daga kaset zuwa ƙwayar memori

A shekarar 1979 ne kamfanin Sony na Japan ya fito da Walkman, wadda ta ba mutum damar yawo da kaset a ƙugunsa. Kaset ɗin da aka fi sani yana ɗaukar minti 60 ko 90. A farkon shekarun 1990, injiniyoyin cibiyar Fraunhofer ta Jamus da abokan aikinsu suka kammala dabarar MP3, wadda ke zubar da sassan sautin da kunnen ɗan Adam bai cika kamawa ba, har waƙa ta koma kusan kashi ɗaya cikin goma na girmanta. A 1998 aka fitar da MPMan a Koriya ta Kudu, mai megabait 32, wadda ba ta ɗaukar waƙa goma. A watan Oktoban 2001 iPod ta fito da gigabait 5, tana ɗaukar waƙa dubu, a kan dala 399.

Ita iPod ba ta yi saiwa a Arewa ba, domin bayan tsada tana buƙatar kwamfuta a gida. Abin da ya yi saiwa shi ne wayar salula, wadda ta shigo Najeriya a watan Agustan wannan shekara ta 2001, sannan katin memori da ya biyo bayanta. Lissafinsa mai sauƙi ne: minti ɗaya na waƙa yakan ci kusan megabait ɗaya, don haka kati mai gigabait 4 zai ɗauki kimanin minti 4,000, wato abin da ya haura kaset 40. Abin da a da ke cika kwali guda, yanzu farcen yatsa ya rufe shi.

Mako uku da ita

Na yi mako uku ina amfani da guda daga cikin sababbin. Abu na farko da ya burge ni shi ne sauƙinta. Ba ta neman layi, ba ta neman data, ba ta neman mutum ya iya karatu. A zura kati, a danna maɓalli, shi ke nan. Muryar mai magana tana fita tangaran, saboda haka karatun Alƙur'ani da wa'azi da waƙar da murya ta fi kiɗa ƙarfi sun fi daɗin ji a cikinta. Manyan ganguna kuwa sukan fi ƙarfin 'yar lasifikar, idan aka ƙure sauti sai ta riƙa karkarwa kamar kwano a bayan mota.

Batirinta irin zagayayyen nan ne da ake cirewa a sauya, wanda babban alheri ne, domin mutuwar batiri ba ita ce mutuwar na'ura ba. Caji ɗaya yakan kai ni wuni idan ban ƙure sauti ba. Allon solar kuwa kada mai saye ya ɗora masa buri. Ƙanƙantarsa ta sa wunin rana guda ba ya cika batirin, sai dai ya ƙara masa ɗan numfashi.

Aibinta babba shi ne makanta. Ɗan gilashin da ke fuskarta lamba kawai yake nunawa, babu sunan waƙa, babu na mawaƙi. Wanda ke neman waƙa ta 417 sai ya haddace lambarta, ko ya yi ta danna maɓalli har yatsa ya gaji. Kuma duk lokacin da aka kunna ta, sai wata murya ta yi shela da Turanci da ƙarfin gaske, ko da tsakar dare ne. Akwai kuma matsalar da ba laifin na'urar ba ce: jabun kati, wanda aka rubuta masa gigabait 32 alhali cikinsa bai kai haka ba. Irinsa yakan karɓi waƙoƙi lami lafiya, sai an je gida a tarar rabinsu ba sa buɗewa. Mai hankali ba ya barin rumfar mai turi sai ya saurari waƙoƙin ƙarshen katin.

Dalilin da ya sa ta dace da nan

Manhajoji irin su Boomplay da Audiomack suna da miliyoyin waƙoƙi, amma suna so a ciyar da su data, kuma a watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Wannan ya faɗo ne a kan yankin da bai gama farfaɗowa daga annobar da ta cinye gonakin citta a 2023 ba, a ƙananan hukumomi irin su Kachia da Jaba da Kagarko. Ga wutar lantarki da ba ta da alƙawari. Manomin da zai wuni a gona ba zai ƙarar da cajin wayarsa a kan waƙa ba, domin da ita zai kira gida idan wani abu ya taso. 'Yar akwatin ta ɗauke wa waya wannan nauyi. Tana rataye a reshe yayin da ake noma, tana tsakiyar mata masu tsaga citta, tana ɗaure a kan babur ɗin ɗan acaɓa. Ƙungiyar Zumunta Mata na koyon sabuwar waƙa da ita, ɗalibin Islamiyya na bitar haddarsa da ita.

Wa ke cika katin?

Katin ba ya zuwa da komai, sai an kai shi wurin masu turi, waɗanda aka fi sani da 'yan dawunlodin, matasa masu kwamfuta a ƙarƙashin lema. Abin da ke cikin kwamfutarsu shi ne abin da gari zai ji. Kafanchan kuwa mahaɗa ce tun 1927, lokacin da hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Fatakwal ta rabu a nan, reshe ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya haura Jos. Wannan cakuɗa tana bayyana a cikin katin mutanen garin. A kati guda za a ji Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos, a ji Panam Percy Paul da Solomon Lange, a ji Ali Jita da Hamisu Breaker, a kuma ji mawaƙan Legas. A garin da ya ɗanɗani ɗacin rikici a 1987 da 2011, ba ƙaramin abu ba ne a tarar kunnuwa ba su bi iyakar da unguwanni suka shata ba.

Sai dai kuɗin da aka biya mai turi a aljihunsa yake tsayawa. A zamanin kaset, ƙungiyar mawaƙan coci ko mawaƙin ƙauye yakan buga kwafi ya sayar a wurin taro, ya mayar da kuɗin situdiyo. Yanzu mutum ɗaya ya samu, gari ya samu. Akwai sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sanya wa hannu a watan Maris na 2023, amma tsakanin takardar doka da lemar mai turi akwai tafiya mai nisa.

Waƙoƙin da ba su haye ba

Babbar asarar tana cikin abin da babu shi a katin. Ka nemi mai turi ya zuba maka waƙoƙin fim, zai cika maka kati kafin ka gama shan ruwa. Ka nemi tsofaffin waƙoƙin Tyap ko Jju ko Hyam ko Gworok ko Ninzo, sai ka ga abin da yake da shi bai taka kara ya karya ba. Ba don ba a yi su ba. A shekarun 1980 da 1990 an naɗi ɗimbin waƙoƙin Zumunta Mata masu kiɗan tulu, da na bukukuwan aure, da busar ƙaho ta bikin Afan da ake yi a Kagoro kowace ranar 1 ga Janairu, da kaɗe-kaɗen Tuk-Ham na Kwoi, da wa'azin malaman da yanzu ba sa raye. Mafi yawansu a kaset suka tsaya, a cikin akwatunan ƙarfe a ƙarƙashin gado, a yankin da damina ke da tsawo kuma laima ke cin zaren kaset.

Tun 2019 hukumar UNESCO, tare da ƙungiyar ma'adanan sauti ta duniya, ta yi gargaɗin cewa na'urorin kunna irin wannan zare suna ƙarewa, kayan gyaransu ma haka. A nan gida, kowace rediyo mai memori da ta shiga ɗaki, tsohuwar rakoda take kora zuwa bola. Ranar da rakodar ƙarshe ta mutu a ƙauye, kaset ɗin da ke cikinsa sun zama bebaye. Ga harsunan da masu jinsu ke raguwa a tsakanin yara, waɗannan waƙoƙi su ne ƙamus, su ne littafin tarihi.

Aikin ceto su bai fi ƙarfin kowa ba. Rakoda mai lafiya, da igiyar haɗi, da kwamfuta, da manhajar kyauta irin Audacity sun wadatar. Abin da yake ci shi ne lokaci, domin kaset mai minti 90 sai ya yi minti 90 yana juyawa. Reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan da Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya suna da ɗaliban da za su iya ɗaukar wannan a matsayin aikin kammala karatu. Masarautu da majami'u da masallatai na iya kiran jama'a su kawo abin da suka adana. Sharaɗin dai shi ne a rubuta sunan mawaƙi da garinsa da shekarar naɗi, a nemi izinin iyalansa, a kuma ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, domin katin memori abin saurare ne, ba rumbu ba. Yakan mutu dare ɗaya ba tare da sallama ba.

A ƙasar Jaba aka fara tono gumakan Nok a 1928, kuma yumɓun da aka gasa fiye da shekara 2,000 da suka wuce yana nan ana kallonsa. Muryar kakar da aka naɗa shekara 35 kacal da suka wuce ba ta da wannan tabbas. Saboda haka, ga mai niyyar saye, na'urar ta cancanci kuɗinta. Amma kafin ya jefar da tsohuwar rakodar gidansu, ya fara buɗe akwatin da ke ƙarƙashin gado.