In maigida ya kushe aikinka da Ingilishi, me yake nufi?

Ɗan Nijar da ya tafi ci-rani Akara, Kumasi, Legas ko garin Greensboro na Amurka, inda ƴan ƙasarmu suke da yawa, yakan tarar Ingilishin da ya koya a kwaleji bai isa ya gane faɗan maigida ba. A shagon ɗinki, gareji ko wurin gini, kalma guda ce ke nuna ko ƙwarewarka ake kushewa ko halinka.

Yawancin kalmomin da ke bayyana yadda aka yi aiki suna ƙarewa da "-ly", kamar "-ment" na Faransanci. "Badly" da "poorly" su ne gama-gari: aikin bai yi kyau ba, shi ke nan. "Poorly" ba ta da alaƙa da talauci a nan.

In aka ce ka yi abu "clumsily" ko "awkwardly", hannunka ne bai faɗa ba tukuna, ka yi shi a hagunce. Daidai take da "maladroitement". Wannan laifin sabon shiga ne, kuma koyo yana maganinsa.

"Carelessly" da "sloppily" sun fi nauyi. Ana nufin ka iya, amma ka yi sakaci, kamar tela da ya bar zare na reto a wuyan riga. "Shoddily" kuwa ta kusanci ha'inci, irin na magini da ya rage siminti. A Najeriya da Gana za ka kuma ji an ce mutum ya yi aiki "anyhow", wato yadda ya ga dama.

Akwai tarko biyu. "He works hard" yabo ne, mutum na aiki tuƙuru. "He hardly works" zargi ne, da kyar yake taɓa aikin. Haka kuma, wanda ya ce "I need it badly" yana nufin yana matuƙar buƙatar abin.

Amsarka ta dogara da kalmar da ka ji. In "clumsily" ce, roƙi a sake nuna maka. In "carelessly" ce, ba da haƙuri, ka gyara nan take. In kuwa "shoddily" ce, tsaya ka yi bayani da hujja, domin amanarka ce ake tuhuma, kuma da ita ɗan ci-rani yake samun aikin gobe.