Mai Renon Ciyawa

A gidan Bahaushe na gargajiya, ciyawa a tsakar gida abin kunya ce. Da ta ɓullo ake tuge ta a share wurin tas, don maciji da sauro a cikinta suke fakewa. Wadda aka yanko daga daji kuwa rabon akuya da doki ce. Sai ga shi yau a Maitama da Asokoro, da Unguwar Rimi ta Kaduna, da Nasarawa da Bompai a Kano, akwai magidanta da yawa da ke ci da iyalinsu daga shayar da ciyawa da yi mata aski. Galibinsu 'ya'yan manoma ne da suka tashi suna yaƙi da ita da fartanya, birni ya mai da su masu renonta.

Turawan mulkin mallaka ne suka zo da al'adar shimfiɗa koren fili a gaban gida, a unguwannin da suka keɓe wa kansu. A ƙasarsu wani Bature mai suna Edwin Budding ya ƙera injin yankan ciyawa tun 1830, amma a nan langalanga da adda suka daɗe suna aikin, kamar yadda duk wanda ya yi makarantar kwana zai shaida. Yanzu akwai injin turawa, akwai kuma na ratayawa a kafaɗa wanda ake haɗa masa fetur da baƙin mai. Sauran kayan aikin su ne manjagara, da baro, da tiyo, da babban almakashin gyaran shinge.

Riƙe inji ba shi ne sana'ar ba, yaro ma zai koya cikin mako guda. Gwani shi ne wanda zai shigo gida ya dubi inda rana ke faɗawa kafin ya ce komai. Fili mai rana sosai ciyawar kiri-kiri ke so, domin tana jure fari da tattaki, ko ta bushe tana farfaɗowa da ruwan farko. Ƙarƙashin mangwaro ko darbejiya kuwa sai ta yi ta ramewa, nan sai mai faɗin ganyen nan da masu sayar da fulawa ke kira kafet, ita kuma ba ta haƙuri da ƙishi. Yawanci dasa su ake yi da saiwa a kan baƙar ƙasa. Idan aka zuba ɗanyen kashin shanu da sunan taki, an gayyato gara da irin kowane haki, don haka gwani ba ya karɓar taki sai wanda ya ruɓe.

Inda aka fi samun saɓani da maigida shi ne wajen yanka. Maigida yana so a aske ta ƙwal, don kuɗinsa su yi auki kada a dawo da wuri. Mai sana'a ya san ganyen shi ne bakin da ciyawa ke ci da shi: in aka cire fiye da kashi ɗaya cikin uku a yanka guda, saiwa ta raunana, rana ta ƙona ƙasa, aya-aya da ƙarangiya su samu ƙofa. Aya-aya kuwa in ta shiga, fizge ganyenta aikin banza ne, sai an tono 'ya'yanta da ke ƙarƙashin ƙasa. A nan ina bayan ma'aikaci ɗari bisa ɗari, kuma yana ba ni takaici in ga an kori mutum a kan ɓarnar da aka tilasta masa ya yi. Haka batun ruwa yake. Yayyafin kullum da rana tsaka yana barin saiwa a sama-sama. Abin da ke sa ta nutsa shi ne a ƙosar da ƙasa da sassafe, a bar ta kwana biyu ko uku. Takin yuriya ma in aka watsa ba a bi shi da ruwa ba, ƙona fili yake yi.

Aikin na da wahalarsa. Injin kafaɗa na cilla tsakuwa har ta fasa gilashin mota, balle ido, ga shi da yawan ma'aikatan ba su da tabarau ko takalmin roba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kowane ciniki da tambayar wa zai sayi mai yake farawa. Wasu masu gidajen kuma sun gaji sun malale filin da intalok, sai zafin bazara ya riƙa dawo musu har cikin ɗaki.

Mai neman wanda zai kula masa da fili, ko mutum ɗaya ne ko kamfani, kada ya gwada shi a watan Agusta, lokacin da ko bakin kwata kore ne. Ya nemi a kai shi wani gidan da yake wa aiki a watan Maris ko Afrilu, bayan hunturu ya wuce rana ta buɗe. Ya duba kaifin wuƙar injinsa, domin dakusasshiya yaga ganye take yi, bakinsa ya bushe ya yi fari. Sannan a yi jinga ta wata, a faɗi sau nawa zai zo, da wanda zai sayi mai da taki, da inda za a kai abin da aka yanke. Wasu ma'aikatan kan cusa shi a buhu su kai wa masu kiwo, amma ban da makon da aka fesa magani.